Kafaɗar Mai Fito

Kurgu, ƙasar Bagudo

Zuwa ga ɗana, mai sunan Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai. Na san dai lafiyarka ƙalau, tunda katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinka da nawa, kuma ɗazu da safe na ji ka kana faɗa da akuyar nan mai cin sabulu. Za ka ce to mene ne na takarda tsakanin mutanen da ke alwala da buta ɗaya? Kai ne ɗan fari, ga kuma sunan mahaifina a kanka. Shekara ashirin da huɗu ban iya kallon idonka in yi maka doguwar magana ba, ba kuwa yanzu da ya rage jibi ka tafi zan koya ba. Shi ya sa na ari biro wurin ƙanwarka, na ce mahaifiyarka ta miƙa maka takardar. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun ya fi sanin gizago.

Tun ranar da saƙon mutanen Kwatano ya iso, cewa sun ɗauke ka shekara biyu a babbar maƙerarsu ta zubin tagulla, na kasa zama wuri ɗaya. Na je kasuwar Lolo sayen gawayi, na dawo hannu biyu ba gawayi, don duk wanda na sani sai na tare shi na ba shi labari. Har wani mai sayar da busasshen kifi da ba ya jin Hausa sosai, sai da na yi masa bayani da gurgun Dandancina, ya yi ta gyaɗa kai don ya rabu da ni. Mahaifiyarka ta ce in rage, kada baki ya kama ka. Na ce to, na fita na faɗa wa mutum uku kafin azahar. Ɗana, jikan masassaƙan turmi, zai tsaya inda ake zuba mutum-mutumin da ya fi ƙofar zaure tsawo. Wallahi daɗi nake ji, irin wanda ban ji ba tun ranar da aka haife ka.

Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Wata biyu ke nan ba ka shigo rumfar aiki ba. Kana durƙusawa ka gaishe ni da safe yadda aka koya maka, ka tashi ka hau mashin ka tafi Illo ka yi aikinka a rumfar abokinka. Ni da kai mun san dalili: na sa hannu a aikinka ba ka ce in sa ba. Ba na so ka ƙetare iyaka da wannan abu a ranka. Zan zo kan maganar, amma bari in fara da kurakuran da suka girme ta, ko na samu ƙarfin hali a hanya.

Ka taso ka same ni ina zuba tagulla, ƙila ka ɗauka haka aka haife ni. Ni turmi na gada. Turmi, taɓarya, akushi, kujerar mata, allo, filafilin jirgi. Kakanka in ya dubi ƙirya a tsaye ya san turmi nawa ke cikinta, ni ma haka ya bar ni. Har na kai shekara talatin ban yi tunanin wani abu ba, sai dai in an tashi aiki nakan ɗauki guntun icen da ya rage in fitar da kan bijimi ko na jaki don ɗebe kewa. Ranar da abin ya shige ni, turame na kai kasuwar Malanbil a ƙetare. Na ga wani maƙerin fari yana yi wa matan Fulani mundaye. Ya murza kakin zuma ya yi siffar munduwa da duk zanenta, ya lulluɓe ta da yumɓu. Wadda ta riga ta bushe kuma ya gasa ta har kakin ya tsiyaye, ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Da ta huce ya fasa yumɓun da guduma, sai ga munduwa, har shatin farcensa da ya bari a kakin ya fito a jikin ƙarfen. Na tsaya baki buɗe har wani ya yi gaba da taɓaryata biyu ban sani ba. A ice, abin da ka sare ya tafi ke nan. Ga wani abu da za ka ƙara, ka rage, ka sake, sannan ya koma ƙarfen da gara ba ta ci. Na hau jirgin dawowa ina ta lissafin inda zan samo kaki.

To ga kuskuren: ban tambayi mutumin nan komai ba. Ka san wasan da ke tsakaninmu da maƙera, su ce ba mu da gizago sai da su, mu ce ba su da ƙota sai da mu. Ɗan masassaƙa ya durƙusa gaban maƙeri yana neman ilimi? Na ce ai na gani da idona, ya isa. Na tara tsofaffin kawunan famfo da kwaɗuna da makullai daga wurin 'yan gwangwan, na bi masu ɗiban zuma na sayi kaki, na kafa murhu a bayan gida. Shekara uku ina zuba jakai masu ƙafa uku da dawakai masu rami a ciki. Wata rana da damina na zuba tagulla a yumɓun da bai gama bushewa ba, ya yi tsartuwa ya watso mini a hannu. Wannan shi ne tabon da kake shafawa kana ƙarami, nake ce maka kada ne ya cije ni a bakin Kwara. Ba kada ba ne, girman kai ne.

Mahaifiyarka ce ta gaji. Ta ƙulle wani gurgun jaki a bakin zanenta, ta ce ko in je Illo wurin tsohon maƙerin nan da ya rasu bara waccan, ko ita ta je da kanta ta tambayo mini. Na tafi ina jan ƙafa. Tsohon ya juya jakin a hannunsa, ya dube ni ta ƙasan ido.

Ya ce, "Kai ɗan masassaƙa, iskan da ac ciki, ina kaka son shi bi shi hita?"

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Ka zuba mai wuta bisa kai, ba ka bar mai ƙohwa ba. Ai dole shi buɗe ma kainai. Sa mai hanya da siririn kaki, ka gasa yumɓun har shi yi ja, kana ka zuba."

Shi ke nan fa. Abin da ya ci mini shekara uku da fatar hannu, ya faɗe shi kafin ya gama tauna goron da na kai masa. Ya yi mini tsiya son ransa, ya ce daga yau in riƙa gaishe shi da Ranka ya daɗe, na kuwa yi har ya bar duniya. Saboda haka idan ka isa can, ka tambaya. Ka tambayi babban mai gidan, ka tambayi mai kwaɓa yumɓu, ka tambayi mai goge ƙarfe. Faransancinka na kasuwa zai ba su dariya, ƙyale su su yi, in sun gama ka sake tambaya.

Ni ma ina da tambayoyina da za ka tafi mini da su. Yaya suke zuba mutum mai tsawon nan, gaba ɗaya ne ko gaɓa-gaɓa? In gaɓa-gaɓa ne, da me suke haɗawa har ba a ganin ɗinkin? An ce murhunsu da gas yake aiki, ba zuga-zugi ba gawayi, to yaya suke sanin tagulla ta nuna, tunda ni launin wutar nake kallo? Sannan wannan kore-koren da ke jikin manyan ayyukansu, shafa shi ake yi ko ruwan sama ake jira? Ka ɗauko mini duka a waya, ko da hoton ya yi duhu. Ka ga tsohonka, kai za ka makaranta ni nake haɗa tambayoyi.

Kuskure na biyu da bakina na yi shi. Ranar da na fara yin siffar mutum, wata mai tallar nono da ƙwarya a ka, yayana Malam Haruna, Baffanka, ya zo har rumfa. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Umaru, ka san abin da malamai sunka ce bisa siffar abu mai rai. Ni dai na hwaɗa maka, don kar gobe ƙiyama ka ce ban hwaɗi ba."

Maimakon in ce na ji na gode, sai na ce masa a gaban mutane ai hoton da ke jikin katin zaɓensa ma na mai rai ne. Aka kwashe da dariya. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Damina biyu bai taka gidan nan ba, har aka yi sunan ƙanwarka babu shi, shi da ya kamata ya yi mata huɗuba. Ni na je na durƙusa daga baya. Har yau bai yarda da aikin ba, ni kuma ban daina ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce zuciyata ta taɓa kwanciya gaba ɗaya ba. Na tambayi malamai, na ji abin da kowa ya ce, na ci gaba ina neman gafarar Allah. Abu ɗaya na riƙe da ƙarfi: kafin in karɓi aiki sai na tambayi inda za a ajiye shi, kuma ba na zuba abin da wani zai durƙusa wa. Inda za ka akwai masu addinai iri-iri, ka zauna da kowa lafiya, amma ka riƙe wannan tambaya, ka riƙe sallarka. Wanda kuma ya yi maka nasiha don Allah, ko ba za ka bi ba, kada ka mai da shi abin dariya. Jiya Baffan naka ya aiko maka da dabino, ka je ka yi masa sallama da kanka.

Na uku saniya ce ta nuna mini shi. Kana makarantar kwana lokacin. Hannuna ya faɗa, ana zuwa daga Birnin Kebbi ana sayen dawakaina da raƙumana, kaina ya fara kumbura. Sai wani Ardo Manu, da rugarsa ke wajen Kende a shekarun, ya zo rumfa. Saniyarsa ce ta mutu, sunanta Wule, uwar rabin garkensa. Yana son ƙaramar siffarta da zai riƙa sawa a aljihu. Ya zauna yana ba ni labarinta, yana kwatanta ƙahonin da hannuwansa, ni kuwa ina gyaɗa kai hankalina na wurin murhu. Saniya ce fa, na yi ba adadi. Na zuba masa wadda ban taɓa yin mai kyanta ba, ƙahoni daidai wa daida, tozo a tsaye, na goge ta tana ɗaukar ido.

Ardo ya karɓa, ya juya ta sau biyu, ya ajiye ta a kan tabarma a hankali.

Ya ce, "Masassaƙi, aikinka ya yi kyawo. Amma wagga ba Wule ba ta. Wagga saniyar kowa ta."

Na ce me ya rage mata?

Ya ce, "Ƙahonta na hagu ya sunkuya tun tana karsana, na hwaɗa maka. Wa yac ce ka miƙe mata shi?"

Na ji haushi, na ce a raina Bafillatani da saniya sai Allah. Amma maganar ta hana ni sakat, sai na bi shi ruga. Kwana huɗu na yi ina shan nono ina kallon shanu. Matarsa ta nuna mini wata 'yar Wule mai irin tafiyar uwarta, kai a karkace kamar tana sauraron wani abu a ƙasa. Na dawo na sake zubawa da sunkuyayyen ƙaho. Da Ardo ya riƙe ta bai ce ta yi kyau ba. Sai ya yi mata irin kiran da yake yi wa Wule da yamma, can ƙasa-ƙasa kamar yana jin kunyata, ya sa ta a aljihu. A Kwatano za su koya maka awo, tsawon kai kaza a jikin mutum, faɗin ƙirji kaza. Ka koya da kyau, ni ban samu ba. Amma in mutum ya zauna gabanka, shi za ka duba kafin awon.

Ban ma san dalilin da ya sa nake faɗa maka wannan ba, kai da ka fi ni riƙe shi. Ni da aka koya wa a ruga, ni na manta, kuma a kan aikinka na manta.

Tsoho Garba mai fito, wanda ke ƙetarar da mutane a mashigin Lolo tun kafin a haife ka, wata uku ka yi kana zuwa bakin ruwa kana kallonsa. Ka zo ka yi shi da kaki, tsawon kamu ɗaya, tsaye da gorar da yake tuƙi da ita. Ka sa shi a randar ruwa don kada zafi ya narkar da shi, ka tafi Kamba bikin abokinka. Ni kuwa na buɗe randar. Na ga kafaɗar dama ta zube ƙasa, wuyan ya karkace, ƙafa ɗaya ta buɗe fiye da 'yar'uwarta. Na ce yaro ya yi ƙoƙari, amma ido bai gama nuna ba. Na ɗumama wuƙa, na ɗaga kafaɗar, na miƙar da wuyan. Da ma a nan na tsaya. Don in burge ka, sai na lulluɓe shi da yumɓu, na shanya, na gasa, na zuba da tagullar da nake ɓoyo tun bara. Da ka dawo bayan kwana shida na miƙa maka shi yana sheƙi, ina jiran godiya.

Ka daɗe kana kallonsa. Sannan ka ce, "Baba, ai kahwaɗar ga ita am mutumen."

Ni kuma na ce maka ni na koya maka riƙe kaki, ba kai za ka koya mini kafaɗa ba. Ka ajiye shi a kan benci ka fita, ko ƙofar ba ka buga ba. Da ka buga ta ma da na fi samun sauƙi.

Abin da ba ka sani ba, washegari na tafi mashigin Lolo don in tabbatar wa kaina ni ke da gaskiya. Na zauna a gindin wata bishiya ina jira. Sai ga Garba ya turo jirginsa. Kafaɗar dama a zube, daidai inda ka sa ta. Wuyan a karkace, don shekara da shekaru yana leƙen ruwa ta gefe ɗaya. Ƙafar a buɗe, don da ita yake danne jirgin in ya soka gora. Ya hango ni ya ɗago hannu, na amsa, amma kunya ta hana ni ƙarasawa mu gaisa. Na dawo gida da niyyar in yi maka magana, na kai bakin ɗakinka na wuce kamar mai neman wani abu a bayan gida. Haka na yi ta yi har wata biyu.

Sai ranar da saƙon Kwatano ya zo mahaifiyarka ta nuna mini hoton da ka aika musu, wanda suka gani suka ce a turo musu mai wannan hannu. Garba ne na kaki, da ka ɗauka da waya kafin ka tafi biki, kafin in taɓa shi. Na riƙe wayar na rasa inda zan sa kaina. Ina murna har hawaye, ina kuma tuna cewa ni na narkar da wannan kakin da hannuna, ba kuma zai dawo ba. Aikin da ya fi duk abin da aka taɓa yi a rumfar nan kyau, yanzu sai a hoto.

Na yi laifi, ka yafe mini. Idonka ya fi nawa, kuma ina alfahari da haka. Na rubuta maka ne don ka ajiye, ka san bakina ba zai iya maimaitawa ba. Shawarar da zan ba ka a nan guda biyu ce. Idan wani babba a can ya miƙo hannu zai gyara maka aiki, ka roƙe shi da ladabi ya nuna maka a wani kakin daban, naka ya bar maka ka gyara da kanka. Ranar da kuma Allah Ya kai ka ga koyar da wani, ka maida hannuwanka baya ka riƙe su, ka yi magana da baki. Yana da wuya, hannun ƙaiƙayi yake yi, ni shaida ne.

Saura roƙo ɗaya. Akwai wani kaki a randar rumfa yanzu haka, sati biyu ina yinsa a ɓoye. Ni ne, zaune a kan kututture ina aiki. Na nuna wa mahaifiyarka, ta yi dariya har sai da ta zauna a ƙasa.

Ta ce, "Wanga kyakkyawan saurayi, ina anka ɓoye shi lokacin da anka ba ni kai?"

Gaskiyarta. Na miƙar da bayan, na cike kumatun, na ɗaga haɓar kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Ban san yadda nake zama ba. Kai ka sani, shekara nawa ka yi kana kallona ta baya. Gobe bayan sallar asuba zan tafi gona, ba zan dawo ba sai la'asar, rumfar kuwa a buɗe zan bar ta. Ka shiga ka sa yatsanka. Duk abin da ka san a tanƙware yake ka tanƙwara shi, kada ka ji tausayina. Yadda ka bar shi haka zan lulluɓe shi in zuba, ba zan ƙara masa ko ƙwayar gero ba. In kuma na dawo na tarar ba ka taɓa ba, ba zan ce komai ba, hakkinka ne, zan ɗaukar maka jaka jibi in raka ka tasha kamar yadda na yi niyya.

Ka bi ta ƙofar iyaka da takardunka a hannu, kada wani ya ja ka ta hanyar daji don sauri, kada kuma ka riƙe wa kowa ƙunshin da ba ka ga cikinsa ba. Allah Ya tsare ka a ruwa da tudu, Ya kai ka Kwatano lafiya. Allah Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya kare ka daga sharrin wuta da na ƙarfe da na baki. Allah Ya sa albarka a idonka da hannunka, Ya yafe mana abin da muka yi ba daidai ba, ni da kai, Ya dawo mana da kai muna raye. Allah kuma Ya sa gobe in dawo daga gona in tarar da bayana a tanƙware. Amin.

Ka huta lafiya.

Ni ne mahaifinka,
Umaru Masassaƙi